Ranar da Na Kai Su Teku

Rumasa'u ce ta jawo.
Ta dawo daga makaranta da hoto a littafi:
ruwa shuɗi har bangon duniya,
doguwar gadar katako, fitilu reras a kanta,
yara na lasar ƙanƙara mai launi.
Ta ce, "Baba, yaushe za mu?"
Allura na bakina, na ce, "Asabar."
Kun dai san bakin tela,
yakan yanka alkawari tun bai auna yadi ba.

Asabar kuwa ba ta yi mantuwa ba,
da asuba ta yi sallama.
Na laluba aljihu, kuɗin ɗinkin kaftani biyu,
ko Kaduna ba za su kai mu su dawo da mu ba.
Na ja Tanimu mai keke gefe:
"Bakin Galma. Ka bi ta doguwar hanya,
kada yaran su gane kusa ne."

Mu biyar a mazaunin mutum uku.
Zuwaira da kular dafa-duka a cinya,
Nafi'u da bokiti, wai zai kamo kifi mai haƙori,
Goggo Dudu ta rantse ba za a bar ta da kaji ba.
Daga Gyallesu Tanimu ya yi ta gewaye da mu,
sau biyu muna wuce mai shayi ɗaya.

Ga ruwan nan, launin shayi da madara.
Masu wankin babura sun ƙure rediyo,
injin ban-ruwa na tari cikin tumatir,
mai rake na fera, ɓawo na zuba kamar wurin aski,
mai masara na fifita da yagaggen kwali,
balbela na yanga a bayan saniya.
Wani ya shimfiɗa katako uku bisa taɓo,
naira hamsin kafin ka taka.
Na ce, "Ga gadarki."
Ta dube ni, ta dubi littafin,
ta ƙirga katakon da yatsa.
Gara a ce ta yi kuka.

Goggo ce ta fisshe ni.
"Ni na ga teku a Jidda, shekarar da na sauke farali.
Na ɗanɗana na tofar, gishiri tsantsa.
Ba ya kashe ƙishi, ba ya raya albasa.
Girman mahaukaci ne, 'yar nan,
ƙaramin mai wayo ya fi shi."

Barau masunci ya ɗauke mu a kwalekwale.
Zuwaira ta damƙe rigata,
rabon da ta riƙe ni haka
tun ranar da na koyi babur da ita a baya.
Nafi'u ya tsoma ƙafa,
ruwa ya karɓi silifas guda bai yi godiya ba.
Ihu har tsallake.

Rumasa'u ta bi takalmin da ido.
"Malam, ina za shi?"
Barau ya kafa gora, ya ce,
"Galma na miƙa wa kogin Kaduna,
Kaduna ta miƙa wa Kwara,
Kwara ba ta tsayawa sai teku."
Sai na ga fuskarta ta washe.
Ta zare ɗan zaren da ke maƙale a hulata,
ta ɗaure ɓawon masara, ta ɗora bisa ruwa,
ta yi masa raɗa. Ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Mun ci dafa-duka da yashi a ciki.
Goggo ta yi ciniki har mai tarwaɗa ya gaji.
Magariba ta same mu a hanya,
minti goma sai ga ƙofar gida,
Tanimu ya manta da yarjejeniya.
Rumasa'u ta kalle ni ta gefen ido
ta ci gaba da shan rakenta.

Yau wata uku ke nan.
Silifas ɗin hagu na nan bisa taga.
Duk mai shara an gargaɗe shi:
kada a yar,
ɗan'uwansa ya yi tafiya ne.